Jaririn da Aka Naɗe da Farin Ƙyalle

Yau sati uku ke nan jikata ba ta yi magana ba. Tana zaune a ɗakina, bakin gado, fuskarta ga bango. In na kai mata kunu sai ta kurɓa sau biyu ta ture kofin. Cikinta na fari ne, ta ɗauke shi wata tara lafiya lau, sai ranar haihuwa yaron ya zo babu numfashi. Tun da aka dawo da ita daga asibiti a Kafanchan ba ta yi kuka ba, ko ɗigon hawaye. Nono na tsiyaya yana jiƙa mata riga, ita ko kallonsa ba ta yi. Mijinta soja ne, yana can nesa inda aka tura shi, sai dai waya. Fasto ya zo da matan zumuntar majami'a, an yi waƙa, an buga tulun kiɗa, an ce mata kada ta yi baƙin ciki kamar marasa bege. Ƙawayenta sun zo riƙe da wayoyinsu, kowace ta dafa ta ta ce “it is well”, suka kama gabansu. Ni kuwa na san irin wannan shirun. Na taɓa ganinsa, na san inda yake kai mace, shi ya sa tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba tun da na tsufa. Yarinya na ramewa a gabana, abin da ya tsaya mini a rai kuma, duk wanda na gaya wa sai ya ce tsufa ya fara taɓa ni, wani tsohon hoton takarda ne da na rabu da gani tun ina 'yar budurwa.

Majami'armu ta wancan zamani ɗakin laka ce da jinkar ciyawa. Bencinan ma laka ne, in ka zauna da farin zane sai ka tashi da ja. Ƙararrawa kuwa guntun ƙarfen layin dogo ne da wani kawuna mai aikin jirgi ya saɓo a kafaɗa tun daga Kafanchan, aka rataye shi a reshen mangwaro. In aka buga shi da safe, sautinsa kan haɗu da na taɓarya a turmin acca, da gurnanin aladu masu jiran dusa, da kukan jirgin ƙasa can nesa in iska ta juyo wajenmu. Mu 'yan mata aikinmu ba ya ƙarewa. Mu ɗebo ruwa a rafi, mu tattake acca da ƙafa, mu tsaga citta da 'yar wuƙa mu shanya a kan falalen dutse har yatsu su yi kwana uku suna raɗaɗi. Ranar Asabar mu share majami'a mu yayyafa mata ruwa. Yanzu an rushe ta, an gina wata mai tayil da fanka da manyan sifikoki, wadda in mai ba da waƙa ya yi tari sai an ji shi a ƙauyen gaba. Ban ce ba ta da kyau ba. Amma a tsohuwar, in mace ta ja numfashi a bencin baya, na gaba kan ji ta.

Hoton daga gidan mishan aka aiko shi, a naɗe, da siririn katako sama da ƙasa. Na Kirsimeti ne, amma da yake bangonmu babu komai a jikinsa, sai aka bar shi rataye shekara da shekaru. Ku gane, a lokacin yawancinmu ba mu taɓa ganin hoto ba. Ko madubi babu a gidanmu, in kana son ganin fuskarka sai ka leƙa randa. Mai bishararmu na farko, wanda muke kira Tsohon Malam, mutum ne da ya koyi karatu bayan ya yi furfura, don haka ba ya gaggawa da kowa. Yakan ɗauki karan dawa ya bi hoton nan abu bayan abu. Ya ce mai zanen bai sa komai don ado ba. Shuɗin mayafin Maryamu launin sama ne, jar rigar da ke ƙarƙashi kuwa jini ne, don a san ita ma 'yar Adam ce kamar uwar kowa. Zoben hasken da ke kewaye da kawunansu alamar tsarki ne. Bangon da ya rushe a bayansu tsohuwar hanya ce da ta faɗi. Damin alkamar da aka yi wa jaririn matashi da shi, gurasar rai ke nan. In ya zo kan bijimi da jaki sai ya ce dabbobi sun riga mutane gane Maigidansu, ya juyo ya kalli mazan da ke gyangyaɗi bayan sun sha burukutun Asabar, mu yara mu toshe baki. Cikin manyan baƙin nan uku da suka kawo kyauta akwai ɗaya baƙi wuluk kamar mu, har gardama aka yi a kan ko ɗan wace zuriya ne. Zinariya ta sarki ce, in ji Malam, lubban na Allah ne, mur kuwa man shafa wa gawa ne. A can ƙasan hoton, kusa da ƙafar wani makiyayi, ga ɗan rago kwance an ɗaure masa ƙafafu huɗu. A nan Malam kan sauke karansa ya ce wannan sai mun ƙara girma.

Malam ya yi bayaninsa, iyayenmu mata kuma suka karanta nasu. A wurinmu ba a naɗe jariri mai rai. Tsirara yake, a ƙirjin uwarsa ko a bayanta, da 'yar jigida a ƙugu, yana shure-shure. Wanda ake naɗewa tam da farin ƙyalle tun daga wuya har yatsun ƙafa, hannuwa a ciki, ido a rufe, kowa ya san ko wane ne. Kuma wace uwa ce za ta haihu ta kwantar da ɗanta a cikin akwati, ta koma gefe ta durƙusa, ta rungume hannuwa a ƙirji ba ta ko taɓa shi? Ga maza sun zo daga nesa sun sunkuyar da kai, ba mai dariya, ba mai guɗa. Ga rago a ɗaure na yanka. Ga man gawa, Malam da bakinsa ya faɗa. Iyayenmu suka duba suka duba, suka ce ai wannan zaman makoki ne, baiwar Allah ta rasa ɗanta an zo yi mata gaisuwa. Da wani dattijo ya kai wa Tsohon Malam ƙara cewa mata sun juya Kirsimeti ta zama jana'iza, ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, “Ba su yi kuskure ba, sun dai yi sauri ne. Ku bar su.”

Dalilin da abin ya shige su haka, sai wanda ya san al'adarmu ta lokacin. Jaririn da ya mutu kafin ya yi haƙori ba a lissafa shi cikin matattu. Maza kan ɗauke shi kafin uwar ta tashi, su binne shi a bayan gida, su baje ƙasar yadda ba za a gane ba. Ba alama, ba gaisuwa, ba a sake ambatar sunansa. Dattawa kan ce baƙo ne bai zauna ba, ba a yi wa baƙo kuka. Tsofaffin mata su ƙara da cewa hawayen uwa kiransa suke yi, ya dawo cikinta ya sake tafiya. Washegari za ka ga macen a rafi da tulunta, nono na zuba, tana amsa gaisuwar kwana. Sai ga hoto a ɗakin Allah inda sarakuna suka taso daga wata uwa duniya don su durƙusa a gaban mace saboda jariri ɗaya.

Mamata ta rasa jarirai uku a bayana. Na ƙarshen namiji ne, ya kai har ya fara murmushi. Bayan shi sai ta karɓe sharar Asabar daga hannunmu, ta ce mu je rafi, ita za ta yi. Wata rana na dawo da wuri don na manta gammona, na leƙa ta taga. Tana zaune a ƙasa gaban hoton, ta miƙe ƙafafu, tana kuka sosai, kukan da ban taɓa ji daga bakinta ba. Tana kiran sunan ƙanena da yarenmu, tana gaya masa an yi ruwa, akuya ta haihu, babansa ya gyara rumbu. A gindin bangon ta ajiye 'yar mitsitsiyar ƙwarya da kunu a ciki. Da ta fito idanunta sun kumbura, amma ran nan ta ci tuwo har ta ƙara, kuma na ji ta tana waƙa a kan dutsen niƙa. Daga baya na lura ba ita kaɗai ba ce. Kowace mace tana da lokacinta, wata da hantsi, wata in an tafi gona, kuma ba wadda ta taɓa tambayar 'yar'uwarta me ya kai ta.

Da Tsohon Malam ya rasu sai aka aiko mana saurayi daga makarantar Littafi, mai agogon hannu da takalmi sau-ciki, Hausarsa kamar daga rediyo. Ba mugu ba ne, kada in yi masa ƙarya. Shi ya haƙa mana rijiya, shi ya sa aka daina dukan mata a ranar kasuwa. Sai dai zafin kishin Ubangiji ya yi masa yawa, komai ya gani sai ya ji warin tsafi. Ni yake so a cikin ajin baftisma don na fi kowa saurin karatu, ni kuma kaina ya kumbura, na fara jin kunyar iyayena da ba su san baƙi ba. Wata rana ya tambaye mu ko akwai wanda ya san wani a cikin ikilisiya da har yanzu yake ajiye wa matattu abinci. Ba wanda ya matsa mini. Ba wanda ya ma kalli wajena. Na ɗaga hannu don kawai in ga ya yi mini murmushin nan nasa, na zayyana masa komai game da Mamata, har da sunan da take kira.

Ranar Lahadi bayan wa'azi ya kira ta gaban jama'a. Ta fito tana gyara ɗaurin zane, ba ta san me ya faru ba.

Ya ce, “Mama, wannan hoto takarda ne. Yaron da ke ciki ba gawa ba ne, Mai Ceto ne, yana da rai. Wa kike kai wa kunu?”

Ta dubi hoton, ta dube shi. Da guntuwar Hausarta ta ce, “Malam, ni na sani takarda ne. Na sani ba yaro na ba ne. Amma ba wanda ya nuna mini wurin nawa. Wannan mace kawai ne ya bar ni na zauna kusa da shi.”

Ba mace ɗaya da ta ɗaga kai. Dattawa suka yi shawara, aka sa ta a horo, wato ta koma bencin baya wata shida, ba ta cin Jibin Ubangiji. Mai bishara ya hau kan benci ya sauke hoton, ya naɗe shi, ya ce zai ƙone shi kafin ya zama gunki. Wurin da yake rataye ya bar shaci mai haske a bango, ya daɗe kafin hayaƙin fitila ya rufe shi.

Kirsimetin shekarar ni aka zaɓa in fito a matsayin Maryamu a wasan yara. Aka yafa mini shuɗin zane, na durƙusa, na rungume hannuwa a ƙirji yadda na gani a hoton. Da na ɗaga ido sai na hango Mamata can baya kusa da ƙofa, ita kaɗai a bencinta. A hanyar gida ta ce mini, “Kin yi kyau.” Shi ke nan abin da ta taɓa faɗa. Ba ta doke ni ba, da ma ta doke ni. Ba ta sake kuka ba, ba ta sake waƙa a dutsen niƙa ba. Tana zuwa gona, tana dafa abinci, tana amsa gaisuwa, tana kuma ƙanƙancewa a hankali har zanenta ya koma zagaya ta sau biyu. Damina biyu ta ƙara. Ta mutu ba tare da wata cuta da wani zai iya kiran sunanta ba, ni kuma ina ta jiran ranar da zan iya buɗe baki in ce ta yafe mini. Da na sani ƙeya ce, a baya take, kuma na ɗauki tawa fiye da shekarun da Mama ta yi a duniya.

Za ku ce wadda ta ga haka ai ta yi hankali. Ni ma haka na ɗauka. Amma ranar nan a asibiti, da nas ta fito ta gaya mana, jikata na kwance allurar barci ba ta sake ta ba, sai na ji bakina yana faɗin maganar kakannina. Na ce wa ɗana, wato babanta, ya karɓo yaron mu tafi da shi kafin ta farka.

Ya ce, “Mama, ba za mu bari ta gan shi ba?”

Na ce, “In ta gan shi ba za ta manta ba. Yi abin da na ce.”

A cikin kwali aka ba mu shi, irin na taliya. Ban ko buɗe ba. Muka hau keke mai ƙafa uku muka zo gida, muka zagaya gonar cittar da ke bayan ɗakina. Ya haƙa ina tsaye a kansa. Na sa ya baje ƙasar, ya jawo ciyawar da ake lulluɓe citta da ita ya rufe wurin kamar sauran gonar. Ya so ya ɗora dutse na hana. A raina tausayinta nake ji, wallahi tausayi ne. Bayan kwana biyu ya koma bakin aikinsa a Kachia, ya bar ni da ita.

Da na ga sati uku sun wuce ba ta buɗe baki ba, sai na ɗaura ɗankwali na shiga kasuwar Kafanchan da sandata, a tsakiyar damina, ina neman hoton Kirsimeti. Shagon farko wani matashi ne mai buga fosta. Ya saurare ni yana danna waya.

Ya ce, “Mama, wannan ai old school ne. Kirsimeti ma bai zo ba. Ki duba nan, ki zaɓi wanda kina so, zan buga miki any size.”

Ya yi ta ture hotuna da yatsa. Duk jariran ƙosassu ne, sun miƙa hannuwa sama suna dariya kamar tallar madara. Maryamu na murmushi, Yusufu mijinta na murmushi, har jakin ma kamar zai yi. Ba ɗan rago a ɗaure, ba naɗi, ba wanda ya sunkuyar da kai. Na ce ina son wanda aka naɗe yaron kamar gawa. Ya dube ni ya ce, “God forbid, Mama.” Na bi shaguna bakwai ko takwas, ruwa ya doke ni sau biyu. Na ƙarshe wani tsohon Alhaji ne mai sayar da kalanda da firam, wanda gidansu ya daɗe a kasuwar nan tun zamanin jirgi. Ya ce ya tuna irinsu, mahaifinsa ya taɓa sayarwa, amma an daina kawowa tun yana yaro. Ya tambaye ni me zan yi da shi, ban san lokacin da na gaya masa ba. Ya cire gilashinsa ya ce, “Ashe rashi aka yi. Sannu, Inna. Ya haƙuri? Allah Ya sa mai ceto ne, Ya ba uwarsa dangana.” Na tsaya riƙe da sanda ina kallonsa. Tun da abin ya faru, shi ne mutum na farko da ya yi mana gaisuwar mutuwa.

A hanyar dawowa na tuna wata magana da na taɓa ji a taron zumunta, cewa mai bisharar nan ya daɗe da rasuwa amma matarsa na nan da rai a Kwoi wajen 'yarta. Ban sa rai da komai ba, ai da bakinsa ya ce zai ƙone. Amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Washegari na hau mashin, ƙasusuwana na ƙara a kowane rami. Na same ta kwance a tabarma, ta shanye kamar busasshiyar kuɓewa, ido ya tafi amma kunne na nan. Na faɗi sunan ƙauyenmu da na babana.

Ta ce, “Ke ne yarinyar da ta yi Maryamu.”

Na ce, “Ni ce, Mama.”

Ta ce, “Hoton ne kin zo nema.”

Ta ce ranar da mijinta ya kawo shi gida ya jingina shi kusa da murhu, aka kira shi waje, ita kuma amarya ce lokacin, ta ga takarda mai kyau ta ɓoye a ƙarƙashin gado. “Daga baya na rasa biyu,” in ji ta. “Na rataye shi a bayan ƙofa na. Maigida na bai taɓa ce mini komai ba. Amma bayan na biyun, wata rana na dawo daga rafi, na same shi a tsaye a wurin, ya rufe fuska da hula.” Ta kira 'yarta ta ce ta jawo tsohuwar adaka. Gara ta shiga ciki. Ta cinye kan jaki, da baƙi biyu cikin ukun, da rabin tauraro, da ƙafafun Yusufu. Shuɗin mayafin ya koɗe ya koma ruwan toka. Amma uwar na nan a durƙushe, ɗan ragon na nan a ɗaure, jaririn na nan a naɗe. Tsohuwar ta ce in tafi da shi, ita ta gama da shi.

Na iso gida da la'asar, na buga ƙusa a bangon da jikata ke kallo, na rataye shi. Ban ce mata komai ba, don ban ga Mama ta buƙaci bayani ba. Na koma bakin ƙofa na zauna ina tsince shinkafar da ba ta da tsakuwa. Can sai na ga ta sauko daga gado ta zauna a ƙasa. Ta miƙa hannu ta bi naɗin ƙyallen da yatsa, layi bayan layi, tun daga wuya har ƙafa. Muryarta da ta fito a dishe take.

“Kaka, nawa an naɗe shi haka?”

Ƙarya ta zo mini har bakin leɓe. Ai da na ce e, wa zai tona? Amma na riga na kashe mace ɗaya da bakin nan. Na ce, “Ba a naɗe shi ba. A kwali muka sa shi. Ni na ce a yi sauri, ni na hana ki gan shi. Ba babanki ba ne, ni ce.”

Kukan da ta yi, maƙwabta sai da suka fito. Na tare su a ƙofa na ce kowa ya koma, ba wanda zai ce mata ta yi haƙuri yau. Ta yi birgima, ta daki ƙasa, ta kira shi da sunan da ita da mijinta suka zaɓa, wanda ban ma san da shi ba. Na ji daɗi, Allah Ya sani na ji daɗi, na ce a raina ta tsira. Sai ta tashi ta buɗe jakar kayan haihuwa, ta ciro wani farin shawul mai laushi da ko ledarsa ba a cire ba.

Ta ce, “Kaka, tashi ki nuna mini.”

Muka zagaya baya. An yi ruwa kusan kullum tun ranar, citta ta tashi ta kai gwiwa, ganye ya haɗe da ganye, ciyawar lulluɓi ta kwanta ta ruɓe iri ɗaya ko'ina. Na san wajen gindin gonar ne, ɓangaren rafi. Na taka nan, na taka can, ina soka sanda ko zan ji ƙasa mai taushi, duk ƙasar taushi gare ta. Na kira babanta a waya, ya ce, “Mama, ke ne kin ce kar na sa dutse. Ni hankali na ba ya jiki na ranar.” Na ƙirga kunyoyin gonar daga bishiyar gwaiba, na sake ƙirgawa, lissafin bai zo daidai ba. Ita tana biye da ni, ta rungume shawul a ƙirji, ƙafarta ba takalmi.

Ta ce, “Kaka, ina ne?”

Na duba gonar nan daga wannan gefe zuwa wancan. Allah Ya gafarta mini, na ɗaga sandata na nuna wani wuri. Ta durƙusa a cikin taɓo, ta ware shawul ɗin ta shimfiɗa, tana cusa gefunansa cikin ƙasa da yatsu a hankali don kada sanyi ya shiga. Ta ɗago ta dube ni da jajayen idanu ta ce, “Na gode, Kaka.”